Ta'aziyyar Kak Yoh, Likitar da Ta Hana Mu Wasa da Azitro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Sha'aban, tsakanin Azahar da La'asar, Allah Ya karɓi ran Likita Sapiyoh 'yar Waedoloh, wadda mu mutanen Lubo Sanae ba mu taɓa kiranta da komai ba sai Kak Yoh, kamar yadda ƙanne ke kiran yayarsu. Ta rasu a gidan mahaifiyarta, bayan doguwar jinyar ciwon daji. Ina bakin titi wajen mai sikeli, na kai ɗanyar robar da muka tatsa daga itatuwa, sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, liman ya yi gyaran murya. Tun kafin ya ambaci suna na gane, domin muryarsa ta karye tun a kan salati. Mai sikeli ya janye hannunsa daga ma'auni. Wata tsohuwa da ke bayana ta zauna daɓas a kan buhunta, ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mana faɗa?"

Kak Yoh, ni ce Yawahe, matar Sama'e ta gidan bayan masallaci. Ba ni na zaɓi kaina ba. Yayanki Abe Ding ne ya same ni bayan an watse daga zaman makoki, ya ce, "Ke kika ga farkon abin, kika ga ƙarshensa. Ki rubuta duka, har da nawa. Kada ki rage mini komai." Don haka duk abin da na faɗa game da shi a nan, da izininsa na faɗa.

Kafin ki dawo gida da aikin likita, tsofaffinmu tsoron asibiti suke yi. Ba allura suke tsoro ba. Harshen Tai da likitocin gwamnati ke yi ne ba su iyawa, sai su zauna a gaban likita kamar kurame, a tambaye su inda ke ciwo su gyaɗa kai. Ranar da aka ji cewa akwai wata likita a asibitin gunduma mai magana da Malayancinmu, kuma 'yar marigayi Waedoloh ce mai tsaga itatuwan roba, har waɗanda lafiyarsu ƙalau sun je don su gani da idonsu. Sun tarar da 'yar gajeruwar mace mai saurin tafiya, mai dariya da ƙarfi, wadda ba ta miƙa wa mutum ƙwaya ko ɗaya sai ta tsare shi da tambayoyi. Me kake sha yanzu? Wa ya ba ka? Zuciyarka tana faɗuwa? Idonka ya taɓa yin rawaya? Wani magani ya taɓa fito maka da ƙuraje? Maza a shagon shayi, a ƙarƙashin kejin kurciyoyinsu, suna cewa duk wanda ya tsallake tambayoyin Kak Yoh, tambayar kabari ba za ta ba shi wuya ba. Da maganar ta iso kunnenki kika ce, "Ku gaya musu ni ina yi ne don in jinkirta musu waccan."

Ni a damina na zo hannunki, ina ɗauke da cikin wata shida. Na yi ɓari har sau biyu kafin shi, saboda haka kowa a gidanmu lallaɓa wannan cikin yake kamar ƙwai. Duk da haka aikin gona ba ya jira, na shiga ƙarƙashin itatuwan roba na share ciyawar da ta yi tsawo. Bayan kamar mako guda zazzabi ya kwantar da ni, da ciwon kai kamar ana sara mini gatari a bayan ido. Sama'e ya sayo mini irin ƙunshin ledar nan mai ƙwayoyi kala-kala da ake sayarwa a kanti, na ƙi sha don tsoron abin da ke cikina. Da ya ga na fara sambatu, sai ya ɗora ni a babur, ƙanwarsa ta riƙe ni ta baya.

Aka auna jini, babu zazzabin cizon sauro, babu na dengi. Ina kwance ina jin ɗan da ke cikina ya rage motsi, ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Sai ga ki. Kika dube ni kika ce, "Yawahe, kin shiga ciyawa kwanan nan?" Na ce e. Kika ja labule, kika kori Sama'e waje, kika shiga bincikena tun daga tsakiyar kai: bayan kunne, hammata, ƙarƙashin nono, har kika kwance ƙullin zanina. A nan, daidai inda zani ke cin ƙugu, kika sami wani ɗan baƙin ɓawo kamar inda wutar sigari ta taɓa. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ni kaina ban san da shi ba.

"Ga ɓarawon," kika ce.

Kika kira Sama'e kika yi mana bayani. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai kan allura ba, yana zaune a ciyawa, in ya ciji mutum sai ya zuba masa ƙwayar cuta a jini. In an bar ta tana iya ɗaukar uwa, tana iya ɗaukar ɗa. Kika ce maganin da kuka saba bayarwa ba kya son ba mai ciki, amma akwai wani, sunansa azitromaisin.

"Azi me?" in ji Sama'e.

"Kai dai ce azitro, kada ka ciji harshenka a banza."

Kina gama tsokanarsa kika juyo kaina da tambayoyin nan naki, ba ki rage ko ɗaya ba duk da halin da nake ciki. Sai da kika gamsu sannan aka ba ni. Kika ce zai iya tayar mini da zuciya ko ya ɗan murɗa mini ciki, in sha da ɗan kunun shinkafa. Kada in haɗa shi lokaci ɗaya da farin maganin ƙwannafin nan mai kama da alli. In na ji ƙirjina yana bugu ba daidai ba, ko fuskata ta kumbura, ko gudawa ta tsananta, in yi magana nan take, kada in yi kunya. Kafin a je ko'ina zazzabi ya sauka, gumi ya jiƙa mini riga, yaro ya harbe ni a haƙarƙari harbin da ban taɓa jin daɗin irinsa ba. Na ce to na warke, a sallame ni, shinkafa na jirana. Kika ce, "Ranar da kika ji sauƙi ba ita ce ranar da cutar ta mutu ba. Ki shanye abin da na rubuta, ba ƙari, ba ragi." Na shanye.

Sukri ya zo duniya lafiyayye, da kuka kamar na mutum biyu. Ranar suna na ce miki da mace ce da sunanki zan sa mata. Kika ce, "Allah Ya taimaki yarinyar da ba ta zo ba. Sapiyoh ɗaya ma ta ishi garin nan."

Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne, alherin nan ne zai zama miki damuwa. Sama'e ya ba da labari a shagon shayi, don murna ba don komai ba. Wasu masu tsaga roba ma suka warke a hannunki da irin maganin. Kafin shekara ta zagayo, azitro ya shiga bakin kowa. Mura, azitro. Ciwon maƙogwaro, azitro. Yaro ya yi atishawa sau biyu, a nemo azitro. Kuma ba a sha wuyar nemansa ba, domin wani ɗan kasuwa mai yawo da mota ya fara kawo shi kwali-kwali, kantin da ya fara karɓa kuwa shi ne na Abe Ding. Yana yanka katin da almakashi, mai son ƙwaya ɗaya a ba shi ɗaya, mai son biyu a ba shi biyu.

Kowa a Lubo Sanae ya san wane ne Abe Ding a wurinki. Lokacin da mahaifinku ya rasu, shi ya ajiye karatunsa ya ɗauki wuƙar tsaga roba, daga baya ya buɗe kantin, ya tura ki birnin Songkhla karatu, ya hana kansa aure sai da kika gama. Hotonki na ranar kammala makaranta yana rataye a saman kantarsa, duk baƙon da ya tsaya sayen ruwa sai an nuna masa.

Da farko ba ki tunkare shi ba. Mu kika tunkara. Kika riƙa zuwa karatun mata na ranar Asabar, in malama ta rufe littafi ki ce a ba ki ɗan lokaci. Kika ce mura wata irin ƙwayar cuta ce daban, wadda wannan magani ba ya ko taɓa ta, wanda ya sha ya warke da ma zai warke. Kika ce shan ƙwaya ɗaya a daina tamkar dukan maciji ne da bai kashe shi ba, gobe ya san sandarka. "Ranar da 'yarki za ta kwanta da ciki kamar yadda Yawahe ta kwanta, ina so in buɗe kabad in tarar maganin nan yana nan da ƙarfinsa." Kika kuma ce akwai masu ciwon zuciya da yake iya rikita musu bugunta, musamman tsofaffi masu shan wasu magunguna. Muna gyaɗa kai. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: da yawa daga masu gyaɗa kan nan, a hanyar komawa gida suke tsayawa kantin. A asibiti kuma, duk wanda ya zo da mura ya ce a rubuta masa azitro kika hana, sai ya fito yana cewa 'yar Waedoloh ta fara girman kai.

Ranar da kika je kantin ina wurin, na je sayen sukari, Sukri yana saɓe a kafaɗata. Kika jingine babur, ko hular kwano ba ki cire ba.

"Abe, sauke wancan kwalin."

"Ko gaisuwa babu? A asibitin ba a koya muku?"

"Ina wuni, Abe. Sauke kwalin."

"Ba shi kika ba matar Sama'e ba? Ga ta nan tsaye, ga ɗanta kamar ɗan maraƙi. Ko ƙarya na yi, Yawahe?"

Na rasa inda zan sa kaina.

"Na ba ta ne bayan na san abin da ke damunta, na san abin da take sha," kika ce. "Kai me kake tambayarsu?"

"Ina tambayarsu ko sun zo da kuɗi."

Mazan da ke benci suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya dafa kanta da hannu biyu ya ce, "Mutum ya bar gonarsa, ya ƙona mai, ya tsaya a shingen sojoji, ya yini a bencinku, don ki ce masa ya je ya sha ruwan ɗumi? Ni taimakonsu nake yi. Kantar nan ita ta mai da ke likita, Yoh. Yau ita ce ke miki wari?"

Kika dube shi ido cikin ido. Sannan kika ce, "Ban manta ba, Abe, ba kuma zan manta ba. Shi ya sa na zo da ƙafata, ban turo hukuma ba."

Da kin san yadda kalmar hukuma za ta sauka a kunnensa a gaban mutane, na san da kin haɗiye ta. Ya juya, ya miƙa hannu ya sauke hotonki, ya kife shi a kan buhun shinkafa. Kika hau babur kika tafi. Na bar sukarin a nan.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma taku ta daɗe. Sallah ta zo, lokacin da ƙanana ke zuwa neman gafarar manya. Kika je kika durƙusa, kika kama hannunsa za ki sumbata, ya ba ki hannun, ya kau da fuska. Mahaifiyarku Mok Esoh, wadda ke zaune a tsohon gida kusa da kantin, tana fama da ciwon zuciya kina kula da magungunanta, ta rasa wanda za ta bi. Wata rana da yamma kika zauna a matakalar gidana, kika cire takalmi, kika ce, "Yawahe, in na kai shi ƙara, baƙin ciki zai kashe Mok. In na yi shiru, wani zai mutu, kuma da sanina. Wace makaranta ce ke koyar da wannan?" Na zubo miki shayi.

Abin da kika yi daga baya ya nuna mini irin zuciyarki. Duk zafin maganar yayanki, kin tsinci gaskiyar da ke cikinta. Kika nemi izini kika fara zuwa ƙaramin asibitin ƙauyenmu kowace Alhamis, don kada mai tari ya yi asarar yininsa a hanya. Ba ki taɓa cewa saboda shi ne ba. Shi ma bai taɓa nuna ya lura ba.

Sai ambaliyar ƙarshen shekara ta zo. Kogi ya haye gada, hanya ta yanke, ke kina can asibitin gunduma ba dama ki dawo. Mu na gidajen ƙasa muka kwashe yara muka hau gidan Mok Esoh, domin nata na katako ne mai dogayen ƙafafu. Tsohuwa tana tari tun kafin ruwan, ga 'yar gudawa, abinci ba ya shiga sosai. Duk da haka ba ta yarda baƙi su zauna da yunwa a gidanta ba. Da hantsi tana zaune tana yanka ganyen da za a zuba a shinkafa, muna hira, sai wuƙa ta suɓuce daga hannunta, ita kuma ta kife. Kafin mu gama salati ta buɗe ido ta ce, "Me kuke kallo? Jiri ne." Ta miƙa hannu za ta ɗauki wuƙar, ta sake tafiya. Wannan karon leɓenta ya canza launi.

Abe Ding ya ɗauko ta kamar jaririya ya sauka da ita cikin kwale-kwale. Ni na riƙe kanta a cinyata, shi yana tuƙi, muna bi ta saman gonakin mutane. Haka muka tafi har muka kai inda titi ya fito daga ruwa, 'yan agaji suka ɗauke mu a a-kori-kura.

Kika tarye mu a ƙofa da rigar da kika kwana biyu da ita a jiki. Aka liƙa mata wayoyin na'urar duba zuciya, kika tsaya kina kallon layin da ke gudu a allo, na ga fuskarki ta sauya. Kika sunkuya kika ce, "Mok, ban da magungunan da nake ba ki, me kika sha?" Tsohuwa ta rufe ido ta ce ba komai. Ɗanta take karewa, ni ban sani ba a lokacin, amma ke kin gane. Kika miƙe kika je inda Abe Ding yake tsaye jikin bango, wandonsa na ɗigar da ruwa. Ina kusa, na ji. Ba ki ɗaga murya ba.

"Abe, ba shari'a nake yi ba. Lokaci nake nema."

Ya sa hannu a aljihun riga, ya fito da katin azitro a jiƙe, an ɓalle ƙwaya biyu. Na ɗauka za ki fashe. Duk abin da kika yi ta faɗa a banza, ga shi a tafin hannunsa, kuma a kan uwarki. Sai kika karɓi katin, kika riƙe hannun nasa da naki biyu, kika ce, "Ka kyauta da ka taho da shi. Yanzu na san da wa nake faɗa." Kika juya da gudu kina kiran sunayen magunguna, ma'aikata na bin ki.

Aka sa mata ƙarin ruwa da allurai har bugun ya daidaita. Kika ce maganin yana daɗewa a jiki bayan an daina shansa, haɗarin bai wuce ba, saboda haka aka wuce da ita babban asibitin birni, kina zaune kusa da ita a motar, Abe Ding a gaba. Abin da ya faru a can ban gani ba, shi ya ba ni labari. Ya ce yana zaune a ƙasa a baranda, ya cire hula ya rufe fuska da ita, sai ya ji mutum ya zauna kusa da shi. Ke ce, da farar rigarki a kan siminti, da ƙunshin shinkafa biyu. Ya ce miki, "Na kusa kashe uwarmu." Kika ce, "Ka ga tana tari, ka ba ta abin da ka yarda shi ne mafi kyau a kantinka. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ya tarar da maganin zuciyarta, ya tarar gudawa ta zubar mata da gishirin jiki, suka haɗu. Ni ma da na bar maka ƙofar kirana a buɗe, da ka kira. Ci abinci, ya huce." Ya ce a rayuwarsa bai taɓa cin shinkafar da ta yi masa wuyar haɗiya kamar wannan ba, kuma ya cinye tas, don kin tsare shi da ido.

Mok Esoh ta dawo gida da ƙafarta. Duk wanda ya tambaye ki abin da ya same ta, cewa kike, "Zuciya ce, ga tsufa." Ni ma kika ja mini kunne, ban gaya wa ko Sama'e ba. Abe Ding ne da kansa, Juma'ar farko bayan ruwa ya janye, ya miƙe a harabar masallaci kafin a watse, ya faɗi komai da bakinsa. Ya ce, "Ni na haifi abin, ni zan yi masa suna." Washegari ya zuba duk ƙwayoyin kantinsa a buhu, har da ƙunshin ledar nan, ya ɗaure a bayan babur ya kai asibiti. Daga ranar, in mutum ya zo ya ce a ba shi azitro, sai ya ce, "Nan shayi ne da sabulu da abincin kurciya. Likita tana zuwa Alhamis. In ba za ka iya jira ba, hau in kai ka."

Ba zan ce kowa ya shiryu ba. Har yau akwai masu sayowa a kasuwar gari suna ɓoyewa a ƙarƙashin matashi, kuma kin sani. Ba ki gaji ba, kuma ba ki taɓa ƙin maganin ba, kamar yadda wasu suka ɗauka. Bayan kin sa ni cikin matan sa-kai masu zagaya gidaje, na raka ki wani gida a bayan tudu inda tarin shiƙa ya kama jaririya. Da hannunki kika auna mata azitro na ruwa daidai nauyinta, kika bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya da tambaya kafin ki ba su nasu, kakan da ke da ciwon zuciya kika canza masa wani. A hanyar dawowa kika ce mini, "Kin ga abin da nake tattalinsa dominsa?" Yarinyar nan yanzu tana makaranta. Ranar jana'izarki ta zo da uwarta.

Da ciwo ya kama ki, kin riga kowa sanin inda zai kai. Kika ci gaba da zuwa Alhamis har ranar da hawa babur ya gagara. Daga nan kika ce a mai da ke gidan Mok. Mijinki Malam Maroning yana koyarwa a makaranta da rana, yaranki suna karatu a nesa suna zuwa suna komawa, saboda haka Abe Ding ne ya rufe rabin kantinsa ya zama mai jinyarki. Shi ke goya ki ya hau da ke matakala duk ranar da aka dawo daga asibiti. Kina bayansa kina ce masa, "A hankali, tsoho, kada ka kayar da mu biyu a rasa mai ɗaukar wani." Shi kuma yana cewa, "Buhun shinkafa ya fi ki nauyi, kuma shi ba ya surutu."

Zuwana na ƙarshe, kin ce kina marmarin shinkafa da ganye da miyar kifi irin wadda nake yi. Na kawo, kika ci cokali biyu, kika ce gishiri ya yi yawa, muka yi dariya. Kika tambayi Sukri da jarrabawarsa. Kika tambayi wata mai ciki a ƙarshen ƙauye, ko ta je awo. Kika ce sabuwar likitar da aka turo yarinya ce mai hankali, Malayancinta ne bai nuna ba, mu yi haƙuri da ita, mu riƙa raka tsofaffi wurinta. Game da kanki ba ki ce komai ba, sai da na miƙe zan tafi kika ce, "Ki yafe mini faɗan da na yi ta yi miki." Na kasa amsawa. Yanzu nake amsawa, Kak Yoh: babu abin yafewa, in ma akwai, na yafe duniya da lahira.

Ina cikin waɗanda suka yi miki wanka. Mun so Mok Esoh ta zauna a waje, don ƙafarta ba ta ɗaukarta sosai, kuma muna tsoron zuciyarta. Ta ƙi. Aka kawo mata kujera ta zauna wajen kanki. Ba ta yi kuka ba. Da aka ɗebo ruwan farko za a zuba, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da mu, ta tsoma yatsa a cikin kwanon, ta girgiza kai.

"Ku surka mata," ta ce. "Tun tana jaririya ba ta son ruwan sanyi."

Muka tsaya muka jira aka ɗora tukunya.

Ya Allah, ga baiwarKa Sapiyoh ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Duk mai cikin da ta sauka lafiya ta dalilinta, duk tsohon da ta saurara da harshensa, duk maganin da ta bayar da wanda ta hana don tsoronKa, Ka sa su a mizaninta. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta, tare da mahaifinta da dukkan Musulmin da suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Malam Maroning, da 'ya'yanta Sobri da Nadiyah, da abokan aikinta, da dukkan mutanen Lubo Sanae, domin rashin namu ne gaba ɗaya. Ga Abe Ding, Allah Ya saka maka da alheri a kan riƙon da ka yi mata tun tana yarinya har ka sa ta a ƙasa da hannunka. Ga Mok Esoh kuma, ba ni da kalmar da ta isa. Allah Ya ba ki haƙurin da babu mai bayar da shi sai Shi, Ya haɗa ki da 'yarki a inda babu sauran rabuwa.

Mu da muka rage, Allah Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.